Shamanci: Neman Magani Ta Hanyar Iskoki a Saberiya da Wasu Ƙasashe

 

Kalmar "shaman" ta fara shigowa bakin ɗalibanmu, musamman masu karatun tarihi da halayyar al'umma a jami'a, da waɗanda suke cin karo da tallar maganin ruhi a wayoyinsu. Wasu sun ɗauka wani addini ne mai littafi da shugaba, wasu kuma sun ce ai bori ne aka sauya wa suna. Duka biyun ba su dace ba. Ƙa'ida ce a wurin malamanmu cewa ba a hukunta abu sai an fahimce shi, don haka za mu fara da bayaninsa kamar yadda masu shi suke faɗa, sa'an nan mu zo ga abin da shari'a ta ce. Duk inda na ce shaman ya hau sama ko iska ta yi masa magana, mai karatu ya sani labarin abin da suka yi imani da shi nake bayarwa.

Asalin kalmar

Kalmar daga harshen Evenki take. Su Evenki ƙabila ce ta mafarauta da makiyaya a Saberiya, wato yankin nan mai tsananin sanyi na gabashin Rasha. Ƙidayar 2010 ta nuna sun kai kimanin 38,000 a Rasha, akwai kuma wasu kimanin 30,000 a arewa maso gabashin Sin. Abin da suke kiwo wata irin barewa ce ta ƙasar ƙanƙara, mai ƙaho mai rassa. Suna hawanta, suna shan nononta, suna yin tufafi da tanti da fatarta. A wurinsu shaman shi ne mutum, namiji ko mace, wanda yake da iskoki mataimaka, yake fita hayyacinsa da gangan a gaban jama'a, kurwarsa ta tafi wata duniya ta nemo wa mara lafiya magani ko ta binciko abin da ya ɓoyu.

Ɗaya daga cikin labarai mafi daɗewa game da su ya fito ne daga alƙalamin wani limamin Kiristan Rasha mai suna Avvakum, wanda aka kora zuwa Saberiya a tsakiyar ƙarni na 17. Ya ba da labarin wani kwamandan Rasha da ya sa aka kira shaman ya duba masa ko ɗansa zai yi nasara a wani yaƙi. Shaman ya murɗe kan rago, ya yi ta tsalle da ihu har ya faɗi yana kumfa, sa'an nan ya yi bushara da nasara da ganima. Rundunar ta tafi, aka kusa ƙarar da ita. A 1692 kuma wani ɗan Holan, Nicolaes Witsen, ya buga littafi a Amsterdam da zanen shaman ɗauke da ganga, da ƙaho a kansa. Daga nan kalmar ta bazu cikin harsunan Turai.

Kowace al'umma tana da nata sunan. Turkawan dā suna cewa kam, mutanen Sakha da ake kira Yakut suna cewa oyuun ga namiji, udagan ga mace, Mongol suna cewa bo, Inuit na ƙasar ƙanƙara a arewacin Kanada suna cewa angakkuk. Wanda ya tattara waɗannan duka ƙarƙashin suna ɗaya shi ne Mircea Eliade, ɗan ƙasar Romaniya, a littafin da ya fitar da Faransanci a 1951. Littafin ya shahara, amma an soke shi da cewa a ɗakin karatu ya rubuta shi, bai zauna da masu abin ba, kuma ya cusa al'adu mabambanta cikin buhu ɗaya. Saboda haka ɗalibi ya riƙe cewa shamanci ba addini guda ba ne. Wani salo ne na bokanci da ake samu cikin addinan gargajiya da yawa, kuma a Saberiya siffarsa ta fi fitowa fili.

Yadda suke kallon duniya da cuta

Mafi yawan ƙabilun Saberiya suna ganin halitta hawa uku ce: ta sama, ta tsakiya inda mutane suke, da ta ƙasa inda matattu da miyagun iskoki suke. Akwai abin da ya haɗa ukun. Wasu suna cewa wata babbar bishiya ce, saiwarta a ƙasa, rassanta a sama. Evenki kuma, da yake rayuwarsu a bakin koguna take, suna siffanta shi da kogi: mafarinsa duniyar sama, ƙarshensa ƙasar matattu. A tsaunukan Altai suna kiran ubangijin sama Ulgen, na ƙasa kuma Erlik.

Mutum a wurinsu yana da kurwa fiye da ɗaya. Sakha suna ƙirga uku: ta uwa, ta ƙasa, da ta iska. Daga nan fahimtarsu ta cuta ta taso. Ko dai kurwa ta fita ta ɓace saboda firgita ko baƙin ciki, ko wata muguwar iska ta sace ta, ko kuma wani abu ya shiga jikin mutum yana cin sa. Bahaushe ba zai rasa gane wannan ba, domin ya san zancen maye ya kama kurwa. Bambancin shi ne a can akwai mutumin da sana'arsa ita ce ya bi sawun kurwar har inda aka kai ta.

Ba kowace cuta ake kai wa shaman ba. Karaya da rauni da haihuwa suna da masu ɗori da tsofaffi masu saiwoyi da ungozoma. Shi ana neman sa ne in abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko farauta ta ƙi, ko dabbobi suna mutuwa, ko za a raka kurwar mamaci.

Yadda mutum yake zama shaman

Abin da ya fi jan hankalina a labaransu shi ne kusan babu wanda yake neman wannan matsayi da kansa. Suna cewa iskoki ne suke zaɓa, galibi a gidan da aka taɓa yin shaman. Alamar zaɓin ciwo ne: saurayi ko budurwa ya fara ware kansa, ya yi ta barci ko suma, ya yi waƙa cikin mafarki, ya gudu daji ya kwana a kan bishiya. Dangi sukan yi ƙoƙarin kore abin, domin sun san rayuwar shaman wahala ce. In ya ƙi koruwa sai a ce babu makawa, in bai karɓa ba zai haukace ko ya mutu.

Wani masani ɗan ƙabilar Sakha, Gavriil Ksenofontov, ya tattara labaran tsofaffi game da wannan mataki a shekarun 1920. Sun gaya masa wanda aka zaɓa yakan kwanta kwanaki kamar matacce, a cikin wannan hali yana ganin iskoki sun cire kansa sun ajiye gefe don ya kalla, sun yanyanka namansa, sun raba wa iskokin cututtuka sun ci, sa'an nan sun ƙirga ƙasusuwansa sun sake haɗa shi. Suka ce shaman ba ya iya warkar da cuta sai wadda iskarta ta ɗanɗani namansa. Har suna cewa in aka ƙirga ƙashi bai cika ba, sai wani daga danginsa ya mutu a madadinsa. Bayan ya farfaɗo sai wani tsohon shaman ya ɗauke shi ya koya masa waƙoƙi da sunayen iskoki da hanyoyinsu, dangi kuma su haɗu su yi masa ganga da riga.

Iskoki mataimaka

Nan ne zuciyar al'amarin, domin shaman ba komai ba ne in babu mataimakansa. Sun kasu biyu. Akwai babbar iska guda, wadda ta zaɓe shi, sau da yawa kurwar wani kakansa ce ko wata da ta yi wa kakanninsa aiki. Akwai kuma ƙananan hadimai da yake aika, mafi yawansu cikin siffar dabbobi: beyar, kyarkeci, barewa, gaggafa, hankaka, mujiya, agwagwar ruwa, kifi. Kowanne da aikinsa. Tsuntsu na tafiyar sama ne, agwagwa da kifi na nutso zuwa duniyar ƙasa, masu farce da haƙori na faɗa da iskokin wani shaman. Sakha suna cewa kowane shaman yana da wata uwar dabba da take ɓoye a nesa, ransa a ɗaure yake da nata, in ta mutu shi ma ya tafi.

Wani masanin Rasha, Lev Sternberg, ya rubuta abin da wani shaman na ƙabilar Nanai, a bakin kogin Amur, ya gaya masa. Ya ce yana kwance ba shi da lafiya sai wata mace ƙarama kyakkyawa ta zo masa a mafarki, ta ce ita ce iskar kakanninsa, yanzu babu mai yi wa mutane magani, za ta zama matarsa ta koya masa. Da ya so ya ƙi, ta ce za ta kashe shi. Ta ba shi hadimai uku, damisa da beyar da babbar damisar nan mai zane ta Asiya. Ya ce idan yana shan jinin aladen da aka yanka a wurin aiki, ita ce take sha ta bakinsa.

Mai karatu ya lura da siffar wannan alaƙa, don za mu komo gare ta. Ciniki ne: su yi masa hidima, shi kuma ya ciyar da su da jini da nono da giya da hayaƙi, ya kiyaye haninsu, ya sassaƙa musu ƴan gumaka na itace ko fata da za su zauna a ciki, waɗanda Mongol da Buryat suke kira ongon. In ya daina, sun ce su za su juyo kansa. Masu abin da kansu ba su siffanta shi da abota ba.

Ganga, riga da daren magani

Gangar shaman mai fuska ɗaya ce, ƙirar bandiri amma ta fi shi girma sosai, an ja mata fatar barewa ko doki, da mariƙi ta ciki. Ba sa ɗaukar ta abin kiɗa kawai. Ita ce abin hawansa, suna kiran ta dokinsa ko barewarsa ko kwale-kwalensa, makaɗin kuma bulala ko filafili. A wasu wurare ana zana mata hawa ukun duniya. Idan shaman ya mutu sai a tsaga fatar a rataye gangar kusa da kabarinsa. Rigarsa ta fata ce, an rataya mata ƙarafa masu siffar ƙashi da rana da wata da tsuntsaye, a wurin Sakha nauyinsu yakan haura kilo goma. A Mongoliya da Tuva kuma akwai madubin tagulla da yake ratayawa a ƙirji, garkuwa ce kuma abin duba.

Da dare ake aikin, cikin tanti, jama'a sun kewaye wuta, mara lafiya yana kwance. Ana gasa fatar gangar a wuta don ta yi ƙara. Shaman ya fara kiɗa a hankali yana kiran mataimakansa ɗaya bayan ɗaya, yana kwaikwayon kukan kowanne, jama'a suna amshi. Kiɗa ya yi zafi, ya miƙe yana rawa, ƙarafa suna kaɗawa, yana ba da labarin hanyar da yake bi: ga kogi, ga dutse, ga mai gadi ya tare shi. Wani lokaci ya faɗi ya sandare, shi ya sa akwai mataimaki na mutum da yake riƙe da igiya ko sarƙa a bayansa, wai don ya jawo shi ya dawo. In ya isa wurin iskar da ta riƙe kurwa, sai a yi ciniki ko yaudara ko faɗa. Sau da yawa ana fansar kurwar da dabba. In ya dawo sai ya hura kurwar a kai ko kunnen mara lafiya. In kuwa wani abu ne ya shiga jiki, sai ya tsotse wurin ya tofar. A Altai, Wilhelm Radloff ya kawo a littafinsa na 1884 cewa ana kafa itace mai matakai tara a cikin tanti, shaman yana taka su yana cewa yana ratsa sammai da kurwar dokin da aka yanka.

Wasu ƙabilu, irin su Koryak da Chukchi, sun san wata jar laimar kwaɗi mai bugarwa da wasunsu suke ci. Amma da yawa ba sa shan komai, kiɗa da rawa da duhu sun ishe su.

Shin yana warkarwa? Wanda ciwonsa tsoro ne ko baƙin ciki ko saɓani da dangi, ganin dukan ƙabila sun kwana a kansa, an sanya wa damuwarsa suna, an ce an ci nasara a kanta, lalle yana iya samun sauƙi. Amma da agana ta shigo Saberiya tare da Rashawa a ƙarni na 17, ta yi wa ƙabilu ɓarna mai yawa, ganga ba ta tsayar da ita ba.

Nesa da Saberiya

Idan aka tsallaka zuwa arewacin nahiyar Amurka za a tarar da abu mai kama da wannan. Knud Rasmussen, wanda ya yi tafiya cikin Inuit daga 1921 zuwa 1924, ya rubuta cewa idan yunwa ta kama su sukan ce uwar dabbobin teku ce ta yi fushi ta kulle dabbobin, saboda laifuffukan mutane sun dunƙule mata gashi, ita kuwa ba ta da yatsun tsefewa. Sai angakkuk ya nutsa ƙasan teku ya taje mata. In ya dawo sai ya nemi kowa ya faɗi abin da ya ɓoye, mutane su yi ta tona laifinsu a bainar jama'a. Ka ga a nan aikin ya wuce magani, ya zama kamar zaman sulhu da shari'a.

Labari mafi amfani ga ɗalibi, a ganina, shi ne na wani mutum mai suna Quesalid daga ƙabilar Kwakiutl a gaɓar yammacin Kanada, wanda Franz Boas ya buga a 1930. Wannan mutum bai yarda da bokayen ƙabilarsa ba, ya shiga cikinsu don ya tona asirinsu. Suka koya masa suman ƙarya, da ajiye ƴan leƙen asiri masu kawo labarin gidajen marasa lafiya, da wata dabara: ka ɓoye ɗan gashin tsuntsu a kumatu, ka ciji harshe ko dasashi ya jiƙe da jini, bayan ka tsotsi jikin mara lafiya ka tofo shi ka ce ga tsutsar ciwon. Aka kira shi wurin wani mara lafiya, ya yi dabarar yana sane ƙarya ce, mara lafiyan kuwa ya warke. Ya zama shahararren boka, har ya kunyata abokan hamayyarsa. Claude Lévi-Strauss ya yi sharhi a kansa a 1949, yana nuna cewa yardar jama'a ce ta ɗaukaka shi. Duk mai kafa hujja da cewa "ai wane ya je ya warke" ya kamata ya san wannan labari.

A dazukan Amazon na Kudancin Amurka kuma, kamar wurin Shipibo na ƙasar Peru, abin ya dogara ne da wani dafaffen ruwa da ake kira ayahuaska, haɗin wata kurangar daji da ganyen wani tsiro. Yana sa amai da gane-gane, suna cewa iskokin itatuwa ne suke koya wa mai magani waƙoƙinsa. Waɗannan mutane sun san itatuwa ƙwarai. Daga dafin kibiyarsu, kurare, likitoci suka samo maganin sassauta tsoka da aka fara amfani da shi wajen tiyata a Montreal a 1942.

Shamanci a ƙasashen Musulmi

Musulunci ya sadu da wannan al'ada tun da wuri, domin Turkawa da Mongol daga cikinta suka fito. Mahmud al-Kashgari, a ƙamus ɗinsa Diwanu Lugatit Turk da ya rubuta a shekarun 1070, ya fassara kalmar kam da Larabci da kahin, wato boka mai duba. Wannan ita ce fassarar malamin da ya san harsunan biyu. A zamanin Jankiz Khan, wanda aka naɗa a 1206, akwai wani babban shaman mai laƙabin Teb Tengri da ya ce sama ta ba Jankiz mulkin duniya. Da ƙarfinsa ya yi yawa har ya fara wulaƙanta ƙannen sarki, sai aka karya masa baya. Daga baya jikokin gidan suka musulunta: Berke a ƙarni na 13, Ghazan na Iran a 1295, Uzbek Khan a farkon ƙarni na 14.

Sai dai al'adar ba ta mutu ba, riga ta sauya. A cikin Kazak da Kirgiz akwai wanda ake kira baksi, a Uzbekistan da Tajikistan akwai parikhan da folbin. Baksin Kazak ya bar ganga ya riƙe kobiz, wani abin kiɗa mai tsarkiya biyu ta gashin doki da ake goga kamar goge. Yana buɗe aikinsa da ambaton Allah da annabawa da waliyyai, sa'an nan ya kira mataimakansa, waɗanda yanzu sunansu ya koma jinn da pari. Ciwon zaɓi yana nan, yankan dabba yana nan, barazanar iskoki tana nan. Chokan Valikhanov, masanin Kazak da ya rasu a 1865, ya yi rubutu a kan ragowar shamanci cikin mutanensa. Lokacin da nake karatu a ƙasar Larabawa na zauna da wani ɗalibi daga wannan yanki, ya ce mini kakarsa ba ta rasa salla, amma in yaro ya firgita wurin baksi take kai shi. Na ce masa kamar yana ba ni labarin unguwarmu.

Shi da bori

Akwai kama, kuma ba ƙarama ba: ciwo ne mafarin shiga, akwai girka kamar yadda akwai koyarwar tsohon shaman, akwai kiɗa, akwai yanka, kowace iska da kalar dabbarta da kirarinta. Har ma kamar yadda iskokin baksi suka ɗauki sunayen Musulunci, haka bori yake da Malam Alhaji a cikin iskokinsa.

Amma masana sun fitar da bambanci na asali. A bori iska ce take saukowa ta hau mutum, shi ne doki ko goɗiya, in ta sauka kuma yakan ce bai san abin da ya faru ba. A shamanci mutum ne mahayi, shi yake tafiya wurin iskoki, ya dawo ya ba da labari. Gilbert Rouget, a littafinsa na 1980 a kan kiɗa da fita hayyaci, ya ƙara wata alama mai sauƙin ganewa: shaman shi yake yi wa kansa kiɗa, ɗan bori kuwa mai goge ko garaya da masu ƙwarya suke yi masa. Holle na Zabarmawa da zar na Sudan da Habasha suna sahun bori. Iyakar ba ta da kauri, domin a Saberiya ma iskoki sukan shiga jikin shaman su yi magana da bakinsa. Idan ana neman wanda ya fi kusa da shaman a ƙasarmu, to bokan da yake cewa yana da aljani mai yi masa aike shi ne.

Mahangar shari'a

Musulmi ba ya musun samuwar aljannu, don haka ba ma bin masu cewa duk abin taɓin hankali ne, ba ma kuma gaskata duk abin da shaman ya faɗa. Abin yana iya haɗa uku: dabara irin ta Quesalid, da tasirin zuciya, da wasan shaiɗanu. Ibn Khaldun, Allah Ya jiƙansa, ya yi dogon bayani a Muƙaddima game da bokaye da masu duba cikin madubi da ƙwaryar ruwa da hanta da ƙashin dabbobi, yana nuna yadda suke shagaltar da gaɓoɓinsu don su fita daga abin da ido yake gani, da yadda gaskiya da ƙarya suke cakuɗe a maganarsu. Wannan ya dace da hadisin Nana A'isha a Bukhari da Muslim, mai bayanin cewa aljani yakan fizgo kalma ɗaya ta gaskiya ya jefa wa abokinsa, a haɗa ta da ƙarya ɗari.

Ginshiƙan shamanci uku ne, kuma kowanne shari'a ta yi magana a kansa a fili. Neman tsari da agaji wurin iskoki, aya ta 6 a Suratul Jinn ta ambaci mazajen da suke yin haka da cewa bai ƙara musu komai ba sai wahala da zunubi, aya ta 128 a Suratul An'am kuma ta ambaci cin moriyar juna tsakanin mutum da aljan da makomarsa. Yanka don wanin Allah shirka ne, akwai tsinuwa a kansa a Sahihu Muslim. Da'awar sanin gaibu kuma, Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in.

Amma sanin itatuwa da ɗori da tausa ba ya cikin wannan hukunci. Magani ne, ana karɓar sa daga Musulmi da wanda ba Musulmi ba, matuƙar ba mai bugarwa ba ne kuma an raba shi da kiran iskoki. Ruƙya ma, hadisin Aufu bin Malik ya nuna Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi a bijiro masa da irin wadda suke yi kafin Musulunci, ya halatta wadda babu shirka a ciki. Kuma hukunta aiki daban, hukunta mutumin da saƙo bai isa gare shi ba daban, kamar yadda aya ta 15 a Suratul Isra'i ta nuna.

Inda abin ya shafe mu kai-tsaye shi ne wanda ya sa rawani, ya ajiye allo, amma yana cewa yana da rauhanai ko hadimai Musulmi da suke gaya masa wanda ya yi asiri, suna kuma neman baƙin bunsuru ko jan zakara a yanka a wuri kaza ba tare da an ci ba. A sake karanta abin da muka faɗa game da baksi da shaman na Nanai, a gwada. Haka mai ruƙyar da duk wanda aka kawo masa sai ya ce aljani ne, har mai farfaɗiya da mai ciwon ƙwaƙwalwa su daina shan maganin asibiti.

Halin da ake ciki yau

Masu mulki da yawa sun yaƙi shamanci da ƙarfi. A Mongoliya, bayan Altan Khan ya rungumi addinin Buddha a 1578, an ƙone gumakan ongon. A arewacin Turai limaman Kirista sun ƙwace gangunan ƙabilar Sami sun ƙone da yawa, waɗanda suka rage kimanin 70 ne, mafi yawansu a gidajen tarihi. Gwamnatin Sobiyet a shekarun 1920 da 1930 ta hana su haƙƙin zaɓe, ta ƙwace kayansu, ta ɗaure wasu, ta kashe wasu, a lokacin da take rufe masallatai da coci-coci. Ksenofontov da muka ambata, wanda rubutu kawai ya yi, an harbe shi a 1938. Bayan rushewar Sobiyet a 1991 abin ya dawo da wata siffa: a Tuva da Buryatiya da Mongoliya akwai ƙungiyoyin shaman masu rajista da ofis a cikin birni da farashin aiki, da yawa daga cikin sababbin kuma daga littattafan masana suka koyo abin da kakanninsu suka tafi da shi.

A Turai da Amurka kuwa ya zama kasuwa. Carlos Castaneda ya fitar da littafi a 1968 game da wani boka ɗan Meksiko, ya sayar da miliyoyi, daga baya masu bincike suka nuna ƙagaggen labari ne. Michael Harner, bayan littafinsa na 1980, ya mayar da abin kwas na ƴan kwanaki da ake biya a koya. Wannan shi ne nau'in da ɗalibanmu suka fi cin karo da shi a intanet, da sunan warkar da ruhi ko gano dabbar ƙarfinka. Yana da haɗari ga jiki ma: ayahuaska tana iya yin mummunan karo da wasu magungunan ciwon damuwa, kuma a 2009 mutum uku sun mutu a Arizona cikin wata bukkar zufa da wani mai suna James Arthur Ray ya shirya yana kwaikwayon al'adar ƴan asalin Amurka, kotu ta same shi da laifi a 2011.

Masu al'adar na asali ba su suka ci ribar ba. A 1955 wata mai magani a garin Huautla na Meksiko, María Sabina, ta yarda wani ma'aikacin banki daga New York, Gordon Wasson, ya halarci aikinta na laimar kwaɗi. A 1957 ya buga labarin a mujallar Life. Baƙi suka cika garin suna neman buguwa, ƴan sanda suka biyo su, mutanen garin suka ɗora mata laifi, aka ƙone gidanta. Ta rasu cikin talauci a 1985.